Yadda ma'aikacin cikin jirgin sama zai tunkari fasinjan da ya sa shi shakka

Mutane da yawa suna ɗauka cewa aikin ma'aikatan cikin jirgin sama bai wuce rarraba abinci da nuna wa fasinja kujerarsa ba, alhali kuwa abin da ya sa doka ta wajabta kasancewarsu a cikin jirgi shi ne kare rayuka. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya ɗaga, babu ɗan sandan da za a kira, babu kuma wurin gudu, duk abin da ya taso waɗanda ke tsaye a tsakanin kujeru ne za su fara cin karo da shi. Wannan bayani domin wanda ya shiga wannan aiki ne ko yake shirin shiga, kuma a kan abu guda aka gina shi: a lura da abin da mutum yake aikatawa, a kai rahoton abin da ido ya gani daidai yadda ya gan shi.

Tun kafin fasinja ya shigo

Aikin yana farawa tun jirgi yana ƙasa babu kowa a cikinsa. Kowane ma'aikaci yana da yankin da aka ɗora masa, kuma wajibi ne ya bincike shi da ido da hannu: rumbunan kaya na sama, aljihun bayan kujeru, ƙarƙashin kujeru inda ake ajiye rigar ceto, kwandon shara da durowoyin banɗaki, da wurin haɗa abinci. Duk wanda wannan bincike ya fara gundurarsa saboda yawan maimaitawa, to ya tuna da jirgin Philippine Airlines mai lamba 434. Ranar 11 ga Disamba, 1994, Ramzi Yousef ya hau shi daga Manila, ya harhaɗa bam a banɗaki, ya sauya kujera, ya cusa bam ɗin a ma'ajiyar rigar ceto da ke ƙarƙashinta, sannan ya sauka abinsa a Cebu. Bam ɗin ya tashi a kan hanyar zuwa Tokyo, ya kashe fasinjan da ya gaji kujerar, da ƙyar matuƙan suka sauke jirgin a Okinawa. Saboda irin wannan ne idan jirgi ya yada zango wasu suka sauka, ake bin waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya kowa ya nuna kayansa, kuma duk jakar da aka rasa mai ita sai an fitar da ita.

Gaisuwar bakin ƙofa ma bincike ce. A cikin daƙiƙa biyu ko uku da ma'aikaci zai ce "sannu da zuwa" ya duba katin shiga, yana iya ganin tafiyar mutum ko tana tangaɗi, ya ji ko warin barasa na tashi, ya lura ko amsar da aka ba shi ta yi daidai da tambayar. A lokaci guda kuma yana ajiye a ransa waɗanda ke da ƙarfin jiki da natsuwar da za a iya neman taimakonsu idan ta ɓaci. Idan akwai wanda ya bugu ko yake ta da rigima tun a ƙasa, a sanar da shugaban ma'aikatan cikin jirgi da kyaftin kafin a rufe ƙofa, domin sauke mutum a wannan lokaci aikin mintuna ne, amma bayan tashi yana iya jawo karkatar da jirgi gaba ɗaya zuwa wani filin.

Abin da ya cancanci shakka

Alamun da ke da nauyi duk a aikace suke. Mutum ya riƙa shiga banɗaki da jaka yana daɗewa, ko ya shiga da abu ya fito babu shi. Ya zuba ido kan ƙofar ɗakin matuƙa yana bin lokutan da ake buɗe ta. Ya taɓa na'urar gano hayaƙi. Ya yi ta tambaya kan yawan ma'aikata da tsarin tsaro. Ko mutane biyu da suka shigo kamar ba su san juna ba su riƙa yi wa juna ishara. Hanci ma kayan aiki ne. Ranar 22 ga Disamba, 2001, a jirgin American Airlines mai lamba 63 daga Paris zuwa Miami, warin ashana ne ya kai wata ma'aikaciya wurin Richard Reid. Ta gaya masa an hana shan taba, ta wuce, amma ba ta sakankance ba, ta sake dawowa, sai ta tarar da shi riƙe da takalminsa yana ƙoƙarin kunna wata igiya da ke fitowa daga ciki. Ma'aikata da fasinjoji suka danne shi, aka sauke jirgin a Boston. Wannan komowa ta biyu ita ce abin koyi, domin gargaɗin farko ba ya rufe magana.

Alama guda ba ta isa hujja ba. Mai tsoron hawa jirgi yana gumi, hannunsa yana rawa, yana waige-waige. Mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi yana iya yin magana kamar mashayi, ya yi faɗa ba tare da ya san yana yi ba, haka ma wanda iskar shaƙa ta yi wa ƙaranci, tunda iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Hanyar rarrabewa ita ce a je a yi magana. Ma'aikaci ya rusuna gefen kujerar har idonsa ya daidaita da na fasinjan, ya ce a hankali, "Yallaɓai, lafiya kuwa? Na ga kamar ba ka jin daɗin jikinka, ko in kawo maka ruwa?" Wanda tsoro ko ciwo ke damunsa yakan saki jiki da jin wannan, sau da yawa ma ya faɗi damuwarsa. Wanda ke ɓoye wani abu yakan ƙagu a tafi a bar shi, ya rufe abin da ke cinyarsa, ko ya ba da amsar da ba ta haɗu da abin da aka gani ba. Ko a nan ɗin ma ba a yanke hukunci, sai dai a sa abokin aiki ya bi ta wurin ya duba da nasa idon.

Launin fata, gemu, sutura, harshe ko ibada ba sa cikin alamu, kuma a ganina nan ne aka fi zaluntar bayin Allah da sunan tsaro. A 2016 a Amurka an jinkirta tashin wani jirgi daga Philadelphia fiye da awa biyu saboda wata fasinja ta tsorata da rubutun da maƙwabcinta yake yi, ashe malamin jami'a ne ɗan Italiya yana warware lissafi. A shekarar dai an sauke wani ɗalibi daga jirgi a Los Angeles bayan an ji shi yana waya da Larabci. Idan fasinja ya kawo ƙarar wani, kada a yi watsi da shi, kada kuma a hau kai a zauna. A ja shi gefe a tambaye shi: "Me ka gani da idonka? Wace kalma ka ji? Ka san harshen da yake yi?" Idan amsar ba ta wuce "kamanninsa ne ba su kwanta mini ba", to mai ƙarar za a sauya wa kujera idan yana so, a ci gaba da lura cikin sirri. Bayan zaluncin da ke cikin irin wannan zargi, akwai kuma haɗari, domin idon da ya maƙale a kan mutum ɗaya saboda kamanninsa ya bar sauran jirgin babu mai gadi.

Matakan barazana da kai rahoto

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa halin fasinja mai ta da hankali gida huɗu: na ɗaya rigima da baki da ƙin bin umarni, na biyu kai hannu, na uku barazana ga rai ko nuna makami, na huɗu yunƙurin kutsawa ɗakin matuƙa. Amfanin wannan rabo shi ne, idan aka ce wa kyaftin "mataki na biyu", ya fahimci girman lamarin ba tare da dogon bayani ba. Mafi yawan abin da ake fama da shi bai wuce mataki na ɗaya ba, kuma baki ne maganinsa. A sassauta murya, a kira mutum da sunansa, a tsaya a gefensa ba a gabansa ba, a bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a ba shi zaɓin da zai karɓa ba tare da ya ji an ci masa fuska a bainar jama'a ba. Idan jininsa bai haɗu da na wani ma'aikaci ba, wani ya karɓe shi. A dakatar da ba shi barasa, idan kuma ya ƙi ji, a miƙa masa takardar gargaɗi da sunan kyaftin.

Ta wayar cikin jirgi ake kai rahoto, a taƙaice kuma a jere: wane ne ke magana, lambar kujera, abin da ya faru, mutum nawa ne, akwai makami ko babu, da matakin da aka riga aka ɗauka. Ranar 11 ga Satumba, 2001, Betty Ong da Amy Sweeney, ma'aikatan jirgin American Airlines mai lamba 11, sun kira ƙasa suka ba da bayani har da lambobin kujerun maharan, abin da ya taimaka aka gane su.

Harin wannan rana ne ya sauya dokar ƙofar matuƙa. Daga Nuwamban 2003 ICAO ta wajabta ƙofa mai sulke da ake kullewa daga ciki a manyan jiragen fasinja, wato, a ma'aunin wancan lokacin, masu ɗaukar fiye da mutum 60 ko masu nauyin da ya wuce kilo 45,500. Ma'aikaci ya ɗauka cewa duk wata hayaniya a bayan jirgi tana iya zama dabarar janye hankali daga gaba, don haka ba a taruwa duka wuri guda, dole wani ya tsare gaban ƙofar. Da rikici ya kai ga kai hannu, ƙofar ba ta sake buɗuwa, matuƙi kuma ba ya fitowa rabon faɗa, ko da kuwa abokin aikinsa ne ke hannun mahari. Wannan ita ce ƙa'ida mafi ɗaci a aikin, amma rayukan duk mutanen jirgin sun rataya ne a kan hannun da ke riƙe da sitiyari. Matuƙa suna da hanyarsu ta sanar da ƙasa ba tare da magana ba, idan suka sa lambar 7500 a na'urar da ke nuna jirgin ga masu kula da zirga-zirgar jirage, tana nufin an yi fashin jirgi.

Idan ya zama dole a ɗaure mutum

Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon ba da umarnin ɗaure wanda ke barazana ga jirgi, ta kuma yarje wa ma'aikaci ko fasinja ya ɗauki matakin da ya dace ba tare da jiran izini ba idan haɗarin na nan take ne. A shirya kafin a tunkare shi: wa zai riƙe wane hannu, wa zai sa ankwar roba, a kuma kawar da ruwan zafi, kwalabe da duk abin da zai iya zama makami. Fasinjojin da za su taimaka a ƙarƙashin umarnin ma'aikaci za su yi, kuma shi zai ce "ya isa". A Agustan 2000 wani matashi mai shekara 19 da ya yi yunƙurin fasa ƙofar matuƙa a wani jirgi mai zuwa Salt Lake City ya mutu saboda toshewar numfashi bayan fasinjoji sun danne shi. Don haka ba a barin ɗaurarre a kife, ba a danna wuyansa ko ƙirjinsa, ba a toshe masa baki. A zaunar da shi nesa da ƙofofi, wani ya tsaya a kansa yana duba numfashinsa da launin yatsunsa har a sauka. Mai jan hannun ƙofar fita ba zai iya buɗe ta ba idan jirgi ya yi nisa a sama saboda matsin iska, amma kusa da ƙasa lamarin daban ne, domin a Mayun 2023 wani fasinja ya buɗe ƙofa ana dab da sauka a Daegu ta Koriya ta Kudu.

Kayan da aka rasa mai su

Tambayoyi uku ake yi wa abin da aka tsinta: an ɓoye shi ne da gangan, akwai wayoyi ko wari ko wani abu da ke nuna haɗari a fili, kuma irin abin da aka saba gani a wannan wuri ne? Littafi a aljihun kujera mantuwa ce, amma ƙunshi a bayan bangon banɗaki wani abu ne daban. Kada a taɓa shi, a sanar da kyaftin, a janye fasinjoji daga kusa cikin natsuwa ba tare da furta kalmar "bam" ba. Kyaftin yakan rage nisan jirgi daga ƙasa domin rage bambancin matsin iska, tunda shi ke ƙara wa fashewa ɓarna. Jirgin kamfanin Daallo da bam ya huda bayan tashinsa daga Mogadishu a Fabrairun 2016 bai kai ƙololuwar tafiyarsa ba, ya kuma koma ya sauka. Ba a ɗaga abin da aka tsinta zuwa wurin da kamfanin ƙera jirgin ya ware domin haka, wato inda fashewa za ta fi ƙarancin ɓarna, sai da umarnin kyaftin. Idan kuwa rubutun barazana aka gani a takarda ko madubi, a kulle banɗakin a bar shi yadda yake saboda masu bincike.

Bayan sauka, sauran fasinjoji su zauna har jami'an tsaro su shigo su tafi da mutumin. Yarjejeniyar Montreal ta 2014, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ta ba ƙasar da jirgi ya sauka ikon hukunta irin wannan fasinja idan tana cikin waɗanda suka amince da ita, sai dai kotu da shaida take aiki. Kowane ma'aikaci ya rubuta nasa rahoton shi kaɗai kafin su zauna su tattauna, ya sa lokaci, lambar kujera, sunayen shaidun da suka yarda, da ainihin kalmomin da aka furta. Maimakon ya rubuta "ya bugu", ya rubuta cewa ya ji warin barasa, mutumin ya kasa tsayawa sai da ya dafa kujera, kuma an ba shi kofi biyu kafin a dakatar.