Darasi na Tara: Cutar Haukan Shanu da Abincin da Ya Kawo Ta

Saniya ciyawa take ci, wannan ko yaron da ke bin garke ya sani. Amma a Birtaniya an yi shekaru ana ba shanu wani abinci daban. Idan an yanka shanu da tumaki a kwata, sai a kwashe abin da ya rage, ƙasusuwa da kawuna da kayan ciki, har da mushen dabbobin da suka mutu a gona. A dafa su a masana'anta, a busar, a niƙa su zama gari. Wannan garin nama da ƙashi ake cuɗawa cikin abincin maruƙa da shanun tatsa, don su yi saurin girma, nono kuma ya ƙaru. Yana da araha, yana kuma aiki. Sai dai araha ba ta ado, domin ta cikinsa cutar haukan shanu ta bazu.

A watan Nuwamba na 1986 likitocin dabbobi na gwamnatin Birtaniya suka tabbatar da cewa wata sabuwar cuta ta shiga garkuna. Saniya mai sanyin hali sai ta koma mai zabura, ƙara kaɗan ta firgita ta, a zo tatsa ta kai harbi. Daga nan ƙafafunta na baya su fara tangaɗi, ta rame, nono ya ja baya, ta faɗi ta kasa tashi. Da aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da madubin likita, sai aka ga ta yi ƙananan ramuka kamar soso. Likitoci na kiran cutar BSE.

Abin da wuta ba ta kashewa

A kula da wannan sashe sosai, shi ne zuciyar darasin. Yawancin cututtukan da ake ɗauka a nama ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, kuma idan nama ya dahu lugub sun mutu. Haukan shanu ba haka yake ba. Abin da ke kawo shi wani furotin ne na jiki wanda siffarsa ta lalace, ana ce masa firiyon. Idan ya kai ƙwaƙwalwa, sai ya riƙa taɓa lafiyayyun 'yan uwansa suna lalacewa irin tasa. Masanin da ya yi bayanin wannan, Stanley Prusiner na Amurka, ya samu kyautar Nobel a 1997.

Tafasa ba ta kashe firiyon. Gashin tsire ba ya kashe shi, haka suya, haka shanya irin ta kilishi, haka gishiri, haka sanyin firiji. Uwargida ko ta kwana tana iza wuta, idan naman ya zo da shi, yana nan. Saboda haka kariya daga wannan cuta ba a tukunya take ba. Tana wurin mai ba dabba abinci, da wurin mai yanka.

Ga kuma wata matsala: cutar ba ta gaggawa. Maraƙi zai ci gurɓataccen gari, ya yi shekara huɗu ko biyar lafiya ƙalau a ido. Wasu a yanka su kafin alama ta fito, a niƙa ragowarsu, a sake ba wasu maruƙan. Haka abin ya yi ta zagayawa. An hana ba shanu wannan gari a 1988, amma masu kamuwa suka ci gaba da ƙaruwa har 1992, shekarar da aka samu shanu wajen 37,000 da cutar. Gaba ɗaya an tabbatar da ita a jikin shanu sama da 180,000 a Birtaniya, an kuma hallaka sama da miliyan 4 don a tare ta.

Yadda ta kai ga mutane

Firiyon ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa, da laka wadda ke bin cikin ƙashin baya, da idanu, da wani sashe na hanji. A 1989 aka hana sayar wa mutane ƙwaƙwalwa da laka da wasu kayan cikin shanu. Kafin nan an riga an ci da yawa, musamman a cikin niƙaƙƙen nama mai araha wanda inji ke kankarowa daga ƙashin baya. Ba a samu shaidar cewa nono na ɗauke da cutar ba.

Gwamnati ta daɗe tana cewa naman ba shi da haɗari. A 1990 ministan noma, John Gummer, har ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa burodi da niƙaƙƙen nama a gaban 'yan jarida don hankalin jama'a ya kwanta. Wannan ganganci ne, domin a lokacin bincike bai kammala ba. Ranar 20 ga Maris, 1996, ministan lafiya Stephen Dorrell ya shaida wa majalisa cewa wata sabuwar cutar ƙwaƙwalwa da ke kama mutane, mai suna vCJD, da alama daga naman shanun nan take. Nan take Tarayyar Turai ta hana fitar da naman shanun Birtaniya. Yawancin waɗanda suka kamu matasa ne. Takan fara da baƙin ciki da canjin hali, sai tangaɗi da mantuwa, har mutum ya kasa magana da motsi. Ba ta da magani. Mutum 178 ta kashe a Birtaniya, 'yan kaɗan daga cikinsu ta hanyar ƙarin jini suka ɗauka. Daga baya an ga cutar a shanun Japan a 2001, da na Kanada da Amurka a 2003.

Abin da ya shafe mu

Shanun makiyayanmu ciyawa suke ci da karan dawa da harawa, kuma wannan babbar kariya ce. Inda ake buƙatar lura shi ne wajen masu turka, waɗanda ke son sa ko rago ya cika ido kafin babbar Salla. Wasu abincin kaji ana sa musu garin ƙashi ko na jini ko na nama. Kada a zuba wa sa, ko rago, ko akuya irin wannan abinci, kada kuma a ba su sharar ɗakin kaji. Dusa da harawa da ƙaiƙayi da angurya da ɗan kanwa sun isa turka. Wanda zai sayi abinci na buhu ya tambayi abin da aka haɗa a ciki. Malaman fiƙihu ma suna da magana a kan jallala, dabbar da ke cin ƙazanta. Sai dai tsare dabba na wasu kwanaki a kan abinci mai tsabta ba ya fitar da firiyon.

Idan saniya ta fara hauka ko tangaɗi a wurinmu, abin da ya kamata a fara zargi shi ne haukan kare, musamman idan kare ya taɓa cizonta. Kada a sa hannu a bakinta, a ware ta, a kira malamin dabbobi. Ɗabi'ar nan ta "a yanka kafin ta mutu" a kai kasuwa, ita ce ke shigar da cuta gidajen mutane. Misali, ciwon saifa, wata cutar dabbobi da likitoci ke kira anthrax, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, ta hanyar fiɗa da cin naman dabba mai ciwo yake kama mutum. Mai sayen nama ya nemi wanda aka yanka a kwata, inda malamin dabbobi ke dubawa.

Aikin yi

Ku rubuta amsa a littafinku, sannan ku tattauna da na kusa da ku.

1. Da me ake yin garin da ya yaɗa cutar a Birtaniya?
2. Me ya sa dafa nama sosai ba ya kare mutum daga wannan cuta?
3. Ku tambayi wani mai turka a unguwarku abin da yake ba dabbarsa, ku rubuto sunayen abincin, ku kawo aji mako mai zuwa.