Yadda cibiyar nazarin manufofi za ta kai batun dangantakar ƙasashe biyu jami'a

A fara neman malami ɗaya a sashen kimiyyar siyasa ko na hulɗar ƙasa da ƙasa. Wasiƙar da aka aika ofishin shugaban jami'a kaɗai takan daɗe a kan tebur, amma malamin da ya ga amfanin abin ga ɗalibansa shi zai nemo zaure ya tara jama'a. A tuntuɓe shi aƙalla wata biyu kafin ranar, a kuma kauce wa lokacin jarrabawa.

Kada maudu'in ya yi faɗi. A ɗauki yarjejeniya guda, ta ciniki ko ta iyaka ko ta biza, a aika wa ɗalibai ita tare da bayani na shafi biyu saura mako guda a zauna.

Jawabi kada ya wuce minti 20, sauran lokacin na tambayoyi ne. Lallai a samu mai magana daga kowace ƙasa. In jami'in ofishin jakadancin ƙasa ɗaya ne kawai ya zo, ɗalibai za su ɗauki taron farfaganda, kuma ba su yi laifi ba. Wanda ya biya kuɗin taron ma a bayyana shi tun farko. Jami'an diflomasiyya sun fi sakin baki in an bi ƙa'idar Chatham House ta 1927: ana iya amfani da abin da aka ji, amma ba a ambaton wanda ya faɗa ko inda yake aiki.

Bayan an watse ne irin wannan shiri ya fi mutuwa. A bar wa sashen guraben koyon aiki biyu ko uku, ko gasar maƙala wadda cibiyar za ta buga wadda ta yi fice.