Yadda Ake Nazarin Dabarun 'Yan Mishan a Ƙasar Guarani

Wanda yake son fahimtar yadda limaman Katolika suka shigar da 'yan asalin Kudancin Amurka addinin Kirista, ya kamata ya fara da garuruwan da ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit ta kafa wa al'ummar Guarani a yankin Faraguwai tun daga 1609.

Da farko a duba tsarin garin, domin dabarar a nan ta fi bayyana. An tattaro mutanen da ke warwatse a ƙauyuka wuri guda, aka gina coci a gaban babban fili, gidaje suka jeru a sauran ɓangarorin, ƙararrawa kuma ita ke sanar da lokacin addu'a da na fita gona. Sai a koma kan harshe: da Guarani aka yi wa'azi, har ɗaya daga cikin limaman, Antonio Ruiz de Montoya, ya wallafa ƙamusun harshen a 1639.

Bayan haka a tambayi abin da ya sa mutane suka amince. Masu farautar bayi daga Sao Paulo ta ƙasar Brazil suna kai hari, Sifaniyawa kuma suna tilasta aikin ƙarfi, saboda haka garin mishan ya zama mafaka ga da yawa, ko da yake mafakar ta raba su da bokayensu da auren mata fiye da ɗaya.

Wasiƙun shekara-shekara da limaman suka aika Roma suna da amfani, amma a karanta su da taka-tsantsan, domin an rubuta su ne don shugabanni su ga nasara. A kwatanta su da takardun gwamnatin Sifen, musamman na bayan 1767, shekarar da Sarki Carlos na Uku ya ba da umarnin korar ƙungiyar.