Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da tsohon filin masana'anta cibiyar gari a Zariya

Duk wanda ya bi gefen layin dogo a Sabon Gari, ko ya kutsa Chikaji, ya san irin wuraren da nake nufi: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe ta ci tsatsa, sito babu rufi, ciyawa har ƙirji. Tun da layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa Zariya, auduga da gyaɗa da taba suka yi ta tara gine-gine a gefen gari. Yau gari ya haɗiye su, kowa kuma na hango shaguna da gidaje a wurin. Ni ma ina so, amma ba yadda ake yi ba.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne a fara da katafila. Filin da aka yi shekara hamsin ana aiki da injuna a kansa ba gona ba ne. Baƙin mai ya nutse a ƙasa, akwai tankunan da aka binne aka manta, akwai dalmar tsofaffin batura. Dalma kuwa ba a jin warinta, kuma mun ga ɗaruruwan yaran da ta kashe a Zamfara a 2010. A garin da kusan kowa ya dogara da rijiya, wannan ba abin wasa ba ne. Kafin a zana taswira, a haƙa ramuka a sassa daban-daban, musamman inda injin wuta da tankuna suka zauna, a kai ƙasar da ruwan ɗakin gwaji. Ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, ba sai an je nesa ba. Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli ma tana nan tun 1992. Inda aka samu guba, a kwashe ƙasar ko a rufe ta ruf, kada a sa makaranta ko lambu ko rijiya a kai.

Haka rufin asbestos. Na taɓa ganin lebura yana farfasa shi da guduma, ƙura ta yi masa fari fat har gira, yara na tsintar gutsattsarin. Ƙurar nan huhu take ci, sai bayan shekaru ciwon ya fito. Jiƙa shi ake yi, a sauke falle-falle ba tare da an fasa ba, da takunkumi a fuska, kuma ba a sayar wa mai kiwon kaji.

Wani kuskuren shi ne rushe duk abin da aka tarar. Tsohon sito mai kaurin bango da dogon rufi ya fi filazar bulo sanyi a watan Afrilu. A sa injiniya ya duba shi. In ƙashinsa na da kyau, ga kasuwa a rufe, ga wurin koyon sana'a.

Ana kuma cewa wurin "babu kowa", alhali makanikai da masu walda da mai shayi sun shekara ashirin a bakin katangar. In an kore su, titi za su koma. A zauna da su da mai unguwa tun farko, a ware musu rumfuna a kuɗin hayar da za su iya.

Takardu: wasu filayen na hukumar jiragen ƙasa ne, wasu na magada. A bincika a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, a karɓi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin a sauke yashi.

Kada a malale ko'ina da siminti. Ruwan Agusta sai ya samu hanya, in ba a bar masa ƙasar da zai nutse ba, gidajen da ke gangaren Kubanni zai shiga. A fara da lambatu, a bar manyan itatuwan da aka tarar, a ƙara maɗaci da darbejiya. A kuma sa gidajen haya a saman shaguna, da masallaci da famfo da wurin tsayawar Keke, don kada wurin ya mutu da an yi sallar magariba.