Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tara Kuɗin Gina Gida Wata-wata, da Hanyar Gyara Su

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin bayan garin Kano ko Kaduna ko Katsina zai ga kangaye birjik, wasu sun tsaya a harsashi, wasu sun kai linta, ciyawa ta cika ɗakunan da ba a kai ga rufawa ba. Akasarin masu waɗannan gine-gine ma'aikata ne da ƙananan 'yan kasuwa waɗanda suka fara tari da kyakkyawar niyya, suka yanka wa kansu abin da za su riƙa ajiyewa duk wata, daga baya tsarin ya wargaje. Idan aka bi diddigi, kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma tun wajen tsara zubin wata ake tafka su, kafin a kai ga kiran magini.

Wanda ya fi yawa shi ne yanka adadin da ya fi ƙarfin mutum. Mai albashin naira 150,000, alal misali, yakan zauna a daren da mai gidan haya ya ɓata masa rai, ya ƙudurta cewa daga yanzu 60,000 zai riƙa ajiyewa. Wata na farko ya cika alkawari, na biyu ya cika da ƙyar, a na uku kuwa sai ya koma ya ciro abin da ya ajiye domin cefane. Gyaran shi ne mutum ya fara rubuta duk abin da yake kashewa na tsawon wata biyu ko uku ba tare da ya sauya komai ba, domin ya san ainihin rararsa, sannan ya tsayar da adadin da ko a watan da ya fi kowane tsanani zai iya fitarwa. Idan 20,000 ne, shi ke nan. Abin da ya ƙaru a watan da aka samu sauƙi sai a ɗora a kai. Kuma a ranar da albashi ya shigo ake cire zubin, domin jiran abin da zai rage a ƙarshen wata ba ya haifar da komai. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda kuɗinsu kullum yake shigowa, zai fi musu sauƙi su karkasa adadin watan zuwa na kullum ko na mako.

Akwai kuma ɗaukar watannin shekara tamkar nauyinsu ɗaya. Watan azumi da ɗinkin ƙaramar Sallah, ragon layya, kuɗin makaranta da littattafai a watan Satumba, takin gona a farkon damina, da ranar sabunta kuɗin haya, kowannensu yana iya cinye rarar wata biyu. Duk da cewa babu wanda ya zo bagatatan a cikinsu, yawancin masu tari sukan yi lissafin zubi goma sha biyu cif, kamar ba za a yi Sallah ba. Ya kamata a zauna da kalanda tun farkon shekara, a ware watanni masu nauyi a rage musu zubi, a ƙara wa masu sauƙi, a kuma buɗe wata ajiya dabam domin hidimomin da aka san suna tafe. Wannan aikin duk shekara ake sake shi, tunda azumi da Sallah suna matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya, kuma akwai shekarun da layya takan faɗo daidai da wata babbar hidima.

Kuskuren da a ganina ya fi dukansu illa, kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne auna buri da naira kawai. Mutum ya ce miliyan kaza yake nema, ya raba su a kan watanni, ya duƙufa, alhali farashin abin da zai saya ba ya tsayawa jiransa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, bayan 'yan watanni kaɗan da ake sayensa a kusan rabin haka. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, wato naira 100,000 da aka ajiye shekara guda kafin nan ba za ta sayi fiye da abin da kimanin 74,000 ke saye a lokacin da aka ajiye ta ba. Mai tari yana ganin lamba tana ƙaruwa a wayarsa, gidan kuwa ƙara nisa yake yi.

Mafita ita ce a mayar da burin wata ya zama kaya ko aiki. Maimakon a ce wannan watan za a ajiye 30,000, sai a ce za a buga bulo kaza, ko a sayi rodi kaza, ko a sauke tifar yashi, ko a biya kashi ɗaya cikin kuɗin fili. Wannan yana buƙatar a samu gogaggen magini ko mai ƙiyasin gini ya rubuta adadin kayan da kowane mataki zai ci, daga harsashi zuwa linta zuwa rufi. Bulo goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, don haka da zanen gida a hannu mutum zai san bulo nawa ke gabansa, kuma duk wata zai ga nawa ya rage. Sai dai a nan ma akwai inda ake zamewa. Wasu da suka ji an ce kaya sun fi kuɗi sai su jibge siminti a ɗaki, ba su san cewa yana shan danshin iska ba, ƙarfinsa yana raguwa bayan kimanin wata uku, musamman da damina, har ya daskare. Siminti ana sayensa ne idan aiki ya zo, ko kuma a mayar da shi bulo nan take, a shayar da bulon ruwa yadda ya kamata. Abubuwan da ke jure ajiya su ne bulo mai kyau, tsakuwa, kwanon rufi a busasshen wuri, da rodin da aka ɗaga daga ƙasa aka lulluɓe. Su ma ba a zube su a filin da ba katanga ba maƙwabci, domin ɓarayin kayan gini sun fi mai fili sanin ranar da aka sauke kaya. Wanda ya zaɓi ya bar kayansa a hannun mai shago har zuwa lokacin aiki, ya tabbata rasit ɗin ya ambaci adadin kaya da irinsu, kamar bandir ɗin kwano kaza mai kauri kaza, domin idan adadin kuɗi kawai aka rubuta, da sabon farashi za a sallame shi.

Ba duka kuɗin ne za a iya mayarwa kaya nan take ba, musamman ga wanda bai riga ya sayi fili ba, saboda haka wurin ajiya ma abin dubawa ne. Barin kuɗin gida a asusun da ake cefane da shi kuskure ne, domin katin cirar kuɗi yana aljihu kuma mai POS yana bakin layi. Ɓoye tsabar kuɗi a ɗaki ma yana da nasa haɗarin, kuma waɗanda suka ga wahalar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023 ba sa buƙatar a tuna musu. Asusu na dabam marar kati ya fi. Hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a shekarar 2024, kuma yana da kyau mai tari ya san wannan iyakar idan kuɗinsa suka fara kauri. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus. Akwai kuma Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da aka fara fitarwa a 2017, wanda ake shiga da naira 10,000, amma wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, don haka bai dace da kuɗin da ake son rufa ɗaki da su baɗi ba. Abin da ya wajaba a guje wa ɗungurungum shi ne duk harkar da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni. Cikin irin waɗannan harkoki, MMM ta rufta da mutane a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma mai tarin gida da ya gaji da jira shi ne ya fi saurin faɗawa.

Adashi yana da amfani ƙwarai, domin kunyar abokan zubi takan hana mutum fashi. Amma sau da yawa akan shiga ba tare da an rubuta komai ba, ko a shiga mai hannu da yawa da zai ɗauki shekara biyu kafin ya zagayo. A lokacin tsadar kaya, mai kwasar farko ya samu rance marar ruwa, mai kwasar ƙarshe kuwa kuɗinsa sun rage daraja, don haka gajeren adashi na mutane shida zuwa goma da aka san sana'arsu ya fi dacewa. Kafin ranar kwasa ta zo, a riga an tsayar da abin da za a saya da wurin da za a saye shi, domin kuɗin da suka kwana uku a hannu ba tare da an san aikinsu ba sukan sami masu su.

Wani babban giɓi shi ne mantawa da kuɗaɗen da ba a gani a jikin bango. Akwai la'adar dillali, kuɗin awo, takardun mallaka, izinin gini, ruwan aiki, haƙa masai, jan wuta da katanga. Waɗannan ma a ba su nasu watannin a cikin tsari. Batun takardu ya fi kowanne muhimmanci. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu, duk da amfaninta wajen shaida, ba ta kai matsayin takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba. Filin awon igiya ya fi araha, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke nufarsa, amma kafin a biya ko sisi ya kamata a bincika a hukumar filaye, irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a tabbata wurin ba hanya ba ce, ba magudanar ruwa ba, ba kuma filin wata hukuma ba. Idan gonar gado ce aka yanka, a ga sa hannun dukan magada. Zai fi kyau kuma a je a ga filin a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya.

Musulmi mai tari kada ya manta da zakka. Kuɗin da suka kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna ajiye, ana fitar musu da ɗaya bisa arba'in, ko da don gida aka tara su, alhali filin da aka saya domin zama ba ya cikin wannan lissafin. Ma'aikacin gwamnati kuma ya duba takardar albashinsa, domin da yawa ana cirar musu kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, ba su taɓa neman bayanin abin da suka tara ba. Asusun yana bayar da lamuni mai ruwan kashi 6 cikin ɗari, wanda bai karɓa ba kuma yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa idan ya yi ritaya.

Sannan akwai rashin tanadin ko-ta-kwana. Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa da buƙatun 'yan'uwa ba sa sallama, kuma idan kuɗin gida ne kaɗai a ajiye, su za a taɓa. Ya kamata watannin farko su tafi wajen tara abin da zai riƙe gida na wata biyu ko uku, a kuma ware wani abu duk wata domin zumunci, yadda mutum zai taimaka gwargwadon abin da ya ware ba tare da ya rushe tarinsa ba. Sanar da uwargida tsarin yana taimakawa, domin ita ke riƙe da cefane, kuma ragin da ba a yi mata bayaninsa ba takan ɗauke shi a matsayin ƙwauro. Idan wata ya kuɓuce ba a yi zubi ba, kada a ci bashin manhajojin waya domin cike gurbi, kada kuma a ninka na wata mai zuwa. A ci gaba da adadin da aka saba, a matsar da ranar kammalawa da wata guda.

Su kangayen da suka tsaya a linta, yawancinsu girman zane ne ya kayar da su. Mai zubin 20,000 ya haƙa harsashin ɗaki huɗu da falo biyu, ya tayar da bango gaba ɗaya, kuɗin katako da kwano suka gagara, damina uku ta wuce a kan bulo. Da an zana gidan cikakke a takarda amma aka fara da ciki da falo, kicin da banɗaki, aka ja katanga aka sa ƙofa, da tuni iyali sun tare, kuɗin hayar da ake biya duk shekara sun koma zubin ɗaki na gaba. Wajen tsara matakan, a sa tayar da bango ya faɗo da rani, kuma kada a ɗora bulon farko a kan harsashi sai an tabbata kuɗin rufin wannan ɓangaren za su haɗu kafin ruwan watan Yuni ya sauka.