Darasi na 9: Kowane Ruwa da Jirginsa

Idan damina ta yi nisa, ƙauyuka da yawa a ƙasar Ringim, Miga, Auyo, Kirikasamma da Guri ba su da hanya sai ta ruwa. Mai zuwa kasuwa, da mai kai mara lafiya asibiti, da mai kwaso shinkafa daga fadama, duk kwalekwale suke hawa. Haka abin yake ga mazauna bakin dam ɗin Tiga da Challawa da Watari a ƙasar Kano. Amma yawancinmu in za mu sayi kwalekwale ko za mu hau, kuɗi kawai muke tambaya. Akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan: wane irin ruwa jirgin nan zai shiga?

Ruwanmu ba iri ɗaya ba ne

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil. Daga nan ruwan ya bi ta Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Ruwan kogi gudu yake yi, musamman a watan Agusta da Satumba. Yana ɗauke da itace da yayi, yana kuma juyawa a bakin kwana. Ruwan fadama kuwa a kwance yake, ba shi da zurfi sosai, sai dai ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, ta bar 'yan lunguna masu ƙunci.

Ruwan dam shi ne mai ruɗin mutane. An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, na Challawa kuma a 1992. Da safe za ka ga ruwan lumui, ko motsi ba ya yi. Amma iska ce ke haifar da igiyar ruwa, kuma gwargwadon nisan da iska ta yi tana bugun fuskar ruwa, gwargwadon girman igiyar. A lungun fadama iska ba ta da filin gudu. A Tiga tana da fili mai faɗi ba abin da ya tare ta. Shi ya sa hadarin da ya taso daga gabas da la'asar yake iya mayar da wannan ruwan mai sanyin hali ya zama manyan igiyoyi cikin ɗan lokaci kaɗan, alhali mutum yana tsakiya, gaɓa ta yi masa nisa gaba da baya.

Abin da masu hawan igiyar teku suka gano

Akwai mutanen da ba su da aiki sai nazarin igiyar ruwa, kuma za mu ƙaru da su. Su ne masu wasan hawan igiyar teku. Mutum yakan kwanta a kan wani allo, ya yi iyo da hannu har igiya ta ɗauko shi, sai ya miƙe tsaye ta kawo shi gaɓa. Wasan ya shahara daga tsibiran Hawai, ana yin sa a Dakar ta Senegal da bakin ruwan Tarkwa a Legas, kuma ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokiyo cikin 2021.

Ƙwararre a wannan wasa ba ya riƙe allo ɗaya. Sai ya tsaya ya kalli teku tukuna, sannan ya zaɓa. Ranar da igiya take ƙarama mara ƙarfi, yakan ɗauki dogon allo mai faɗi da kauri, wanda ya kai ƙafa 9 ko fiye, domin shi ne yake tashi a kan ruwa ko da turin kaɗan ne. Ranar da igiya ta miƙe tsaye tana karyewa da sauri, sai ya ɗauki gajere, wajen ƙafa 6, mai ɗagaggen goshi, don ya iya juyawa nan take kuma kada goshin ya nutse. Igiya mai girman gaske, irin ta Nazare a ƙasar Fotugal, tana da nata allon daban. Girman allo kuma da lita suke auna shi, suna gwada shi da nauyin mai hawa. Sabon shiga babban allo ake ba shi, don shi ne ba ya saurin kifewa.

Mu ba wasa muke yi a ruwa ba, abinci muke nema. Amma abubuwan da suke dubawa su ne masassaƙin jirgi na gari yake dubawa: tsawo, faɗi, siffar gindi, da ɗagowar goshi.

Siffar jirgi da aikinta

Dogon jirgi ya fi gudu, ya fi riƙe hanya miƙe, kuma yana ratsa ƙananan igiyoyi ba tare da yawan tsalle ba. Aibinsa wuyar juyawa. Ka shiga da shi lungun kachalla ka ga wahala: goshi ya maƙale nan, baya ya maƙale can. Masuncin da ke bin lunguna yana duba tarkonsa gajeren jirgi mara nauyi ya fi masa, wanda zai tura da dogon sanda, in ya kai tudu ya ja shi da hannu.

Faɗi shi ne ke hana tangaɗi. Jirgin fito, mai ɗaukar mata da yara da kaya, dole ya zama mai faɗi. Siriri yana da daɗin tuƙi, amma mutum ɗaya ya karkata zai ji a jikinsa.

Maganar gindi ita ce ta fi buƙatar natsuwa, don a nan ido yake yaudarar mai saye. Jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi yana zama daram a ruwan da ke kwance. Ka taka shi ba ya motsi, ga shi yana wucewa ta ruwan da bai kai gwiwa ba. Saboda haka mutane suke ganin ya fi kowane aminci. A fadama gaskiya ne. Amma idan igiya ta zo masa ta gefe, duk yadda fuskar ruwa ta karkata haka zai karkata tare da ita, in kuma ta gaba ta zo ya riƙa dukan ruwa yana watso shi ciki. Jirgin da aka sassaƙa daga gungumen itace, mai zagayayyen gindi, yakan yi rawa lokacin da ake shiga, har baƙo ya tsorata, sai dai igiya tana wucewa ta ƙarƙashinsa ba ta cika juya shi ba. Don haka kada a yanke wa jirgi hukunci da yadda ya zauna a bakin gaɓa. A tambayi yadda yake yi ranar iska.

Goshi mai ɗagowa sama yana hawa kan igiya. Goshi a kwance yana soka kai cikinta. Duk jirgin da zai ratsa dam, ko kogi lokacin cikarsa, yana buƙatar ɗagaggen goshi da gefe mai tsawo. In igiya ta taso, a fuskance ta da goshi, a ɗan karkace kaɗan. Kada a ba ta gefe.

Lissafin lodi

Ku ɗauko alli ko fensir, wannan sashe da hannu za a yi shi.

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nauyin jirgin da abin da ke cikinsa. Mu ɗauki jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawon cikinsa mita 5, faɗinsa mita 1. Irin wannan jirgi, duk kilo 50 da aka ɗora masa yana sauka cikin ruwa da kimanin santimita 1. Wato kowane buhun taki ko na siminti, santimita 1 ke nan.

A ce jirgin babu kowa a ciki, daga fuskar ruwa zuwa bakinsa santimita 30 ne. Mutum 10 suka shiga, kowane kilo 60. Jimla kilo 600, jirgi ya sauka santimita 12, saura 18. Aka ƙara mutum 10, ya sake sauka 12, saura 6. Santimita 6 bai wuce faɗin yatsu uku zuwa huɗu ba. Jirgin bai nutse ba, yana tafiya, mai fito yana cewa ai ya saba. Amma igiyar da ko tafin hannu ba ta kai ba ta isa ta haura ciki. Ruwan da ya shiga kuwa nauyi ne sabo, kuma ba ya zama wuri ɗaya: duk gefen da jirgi ya karkata can yake gangarawa, ya ƙara danne shi. Sai fasinja su firgita su miƙe, ko su ruga gefe guda. Yawancin kifewar jirgi a haka take faruwa, cikin ƙiftawar ido.

Ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen Nuwamba 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun danganta abin da yawan lodi. Yaran nan ba su ne suka zaɓi jirgin ba, ba su ne suka ƙirga kawunansu ba. Wannan aikin manya ne, kuma shi ya sa darasin nan ya shigo littafinku.

Kaya masu nauyi a ƙasan jirgi ake sa su, a tsakiya, a raba nauyin dama da hagu. Babur a kwantar da shi a ɗaure. Kowa ya zauna ƙasa, ba mai zama a kan baki, ba mai miƙewa. Kada a rasa ƙwarya ko roba ta kwarfe ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Inda rigar ba ta kai ba tukuna, jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, aka ɗaure murfinta tam, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa in ya rungume ta, kamar yadda masunta suka daɗe suna yi da gora. Wannan dabarar wucin gadi ce, ba ta kai riga ba, musamman ga yaro ƙarami da hannunsa zai gaji.

Kunya ma tana sa mutane hawa jirgin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba. Ku karanta wannan da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Shigo mana, Hajiya, akwai wuri."

"A'a Baba, a yi haƙuri. Dubi bakin jirgin, ruwa ya kusa taɓa shi. Ni da yaran nan za mu jira sawu na biyu."

"Rana fa tana faɗuwa."

"In dare ya yi mu kwana nan, Baba, gobe ma rana ce."

Aiki

1. Ka rubuta sunan ruwan da ya fi kusa da garinku. Mai gudu ne, ko na fadama, ko na dam?

2. Jirgin da ke cikin lissafinmu an ɗora masa buhu 8 masu kilo 50 da mutum 5 masu kilo 60. Santimita nawa ya sauka? Nawa ya rage daga 30?

3. Me ya sa jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ya dace da fadama amma yake da haɗari ranar iska a dam? Ka ba da amsa da jimla biyu.

4. Kafin zama na gaba, ɗalibai uku su je wurin Sarkin Ruwa ko wani dattijo cikin masu fito, su roƙe shi ya nuna musu iyakar inda ruwa ya kamata ya tsaya a jikin jirginsa idan ya yi lodi. Su auna da tsinke daga nan zuwa bakin jirgin, su kawo tsinken aji a gwada shi da ma'auni. In mai jirgin ya yarda, a ja layi da fenti a daidai wurin, dama da hagu, yadda duk mai shiga zai gani.