Yadda ake gyaran zaren tsamiya kafin ya hau masaƙa

Tsamiya silikin daji ce. Tsutsotsi ne ke taruwa su saƙa gida ɗaya a jikin bishiyar tsamiya ko doka, daga gidan nan ake samun zaren da Yarabawa ke kira sanyan. Yau samun gidan ma aiki ne, don masu gawayi sun cinye dazuzzuka, tsofaffin mata masu kaɗi kuma suna ƙarewa. In ka samu, kada ka ɓata shi wajen dafuwa.

Fara da tsaga gidan, ka kakkaɓe ƙwari da tarkace. Sa safar hannu, gashin tsutsar ƙaiƙayi gare shi.

Dafuwa ita ce kan aiki. Akwai danƙo da ya manne zaren, ruwan toka ne ke narkar da shi. A tace toka, a zuba ruwan a tukunya har ya shanye gidajen, a bar shi yana tafasa a hankali na wasu awanni, ana juyawa da sanda. Agogo ba zai gaya maka ya yi ba, yatsa ne: ciro ɗan guntu ka ja. In ya warware kamar auduga, sauke. In yana turjiya da sauran danƙo, zai kaɗu da gudaji. In kuwa toka ta yi kaifi ko wuta ta yi yawa, zaren ya ci wuta ke nan, yana tsinkewa tun a mazari, kuma ba gyara. Kanwa ma tana yi, amma da taka-tsantsan.

A ɗauraye har santsi ya fita, a shanya a inuwa, a saɓe, a kaɗa. Nauyi zai ragu sosai, a sa wannan cikin lissafin farashi.

Zaren tsamiya kaɗin hannu yana iya tsinkewa da jan kunkuru (nauyin da ke miƙe zaren tsaye) da gogar allera (abin da ke ɗaga zaren tsaye). Shi ya sa ana iya yin wadari, wato zaren tsaye, da auduga mai ƙullu, tsamiya ta shiga ƙoshiya. In dole sai tsamiya zalla, a murɗa biyu.

Sai jabu, wanda ya fi komai karya kasuwa: auduga rinanna ruwan ƙasa ko zaren roba da sunan tsamiya. Kunna ashana a bakin zare. Tsamiya ƙaurin gashi take yi, ta murƙushe. Auduga ƙaurin takarda. Roba ta narke ta dunƙule. A gwada a gaban mai saye.